Bikin Da Ya Hana Kallo, Ga Shi Ana Kallonsa A Majigi

Kafin a kashe fitila a haska allo, ya kamata a yi ɗan bayani game da abin da za a gani, domin wanda aka nuna wa wuta tana cin wani ƙaton mutum-mutumi, dubban Turawa kuma suna ihu kewaye da shi, ba tare da an faɗa masa mafari ba, sai ya tashi da zaton ko dai tsafi ne ko kuwa hauka.

Sunan bikin Burning Man, watau mutumin da wuta ke ci. Mafarinsa a shekarar 1986 ne, sa'ad da Larry Harvey da abokinsa Jerry James suka sassaƙa mutum-mutumin katako mai tsawon kimanin ƙafa 8, suka kai shi bakin teku a birnin San Faransisko na ƙasar Amurka, suka cinna masa wuta. Abin ya zama na shekara-shekara, mutum-mutumin yana ta ƙara tsawo, har a 1990 'yan sanda suka hana ƙona shi a wurin. Sai aka kwashe shi zuwa hamadar Black Rock ta Jihar Nebada, kimanin mil 100 arewa da garin Rino. Waɗanda suka bi shi a wannan tafiya ba su kai mutum 100 ba. Harvey ya rasu a 2018, kuma masu shirya bikin ba su taɓa tsayar wa ƙonawar ma'ana guda ba, kowa da fassararsa.

Wurin tsohon tafki ne da ya ƙafe tun zamanin da, ba itace, ba ciyawa, ba rijiya, sai farar ƙura mai kanwa-kanwa wadda ke tsattsage ƙafa. A nan ne ake kafa gari sukutum a ƙarshen watan Agusta, da tituna masu lanƙwasa kamar rabin faifai, a zauna mako guda da 'yan kwanaki, sa'an nan a rushe shi. Kowa zai zo da tantinsa da abincinsa da ruwansa, wajen galan ɗaya da rabi na kowace rana. Ba a ciniki a cikin garin, in ban da ƙanƙara da masu shiri ke sayarwa. Mai shayi kyauta yake bayarwa, mai gyaran keke ma haka. Babbar ƙa'idarsu kuwa, wadda suka daɗe suna maimaitawa tun kafin Harvey ya rubuta musu ƙa'idoji 10 a 2004, ita ce ba a son ɗan kallo. Wanda ya zo, lalle ya sa hannu a wani abu, ko gini, ko girki, ko kiɗa, kamar dai yadda ba a zuwa gayya a harɗe hannu a bakin gona.

To, a nan gizo ke saƙa. Shi fim ba ya haifar da kowa sai ɗan kallo. Mutum yana zaune a kujera, ƙura ba ta shiga idonsa ba, bai ɗauki guduma ba, amma ana miƙo masa abin da wasu suka yi wata da watanni suna haɗawa. Saboda haka tambayar da ta dace a yi wa kowane fim na wannan biki ita ce: aikin ya nuna, ko kuwa wutar kaɗai?

Fim ɗin Olivier Bonin mai suna Dust & Illusions, na 2009, tarihi ya bi. Ya koma har ƙarshen shekarun 1970, wajen ƙungiyoyin 'yan ba'a da wasan titi na San Faransisko, waɗanda daga cikinsu aka sami mutanen da suka nuna wa Harvey hanyar hamada. Amfaninsa shi ne bai ɓoye saɓanin da ke tsakanin magabatan ba. A 1996 wani mutum ya mutu a haɗarin babur, mota kuma ta bi ta kan masu barci a tanti. Bayan wannan ne John Law, ɗaya daga cikin jagororin farko, ya janye jikinsa, aka kuma hana yawo da mota da harba bindiga a garin. Taron da aka fara don gudun doka sai ga shi yana kafa tasa.

Na biyun, Spark, wanda Steve Brown da Jessie Deeter suka fitar a 2013, ya fi kyan hoto, ya kuma fi tausasa wa masu shiri, gama a cikin ofishinsu aka ɗauki da yawa daga cikinsa. Duk da haka ya faɗo a kan gaɓa. A 2011, da mahalarta suka haura 50,000, tikiti ya ƙare a karo na farko, sai aka raba na 2012 ta hanyar ƙuri'a. Nan fa aka ji kunya, domin maƙera da kafintocin da suka saba gina garin da yawansu ba su samu ba. Inda fim ɗin ya fi daɗi shi ne inda ya bar shugabanni ya bi wata mai walda tana fama da ƙera wata ƙatuwar zuciya ta ƙarfe, kuɗi na yanke mata, da wani tsohon soja wanda ya gina kwaikwayon bankunan Wall Street da katako don kawai a ƙone su. Duk wanda ya taɓa barin garinsu ya ci da guminsa zai gane gajiyar da ke fuskokin nan ba sai an fassara masa ba.

Akwai kuma abin da allo ba ya cika nunawa. Kyautar da ake yabo a cikin gari, sai mai hali ke isa ƙofarta: tikitin 2023 dala 575 ne, ban da kuɗin mota da guzuri. Attajiran kamfanonin kwamfuta sun daɗe da gano wurin, har ma waɗanda suka kafa Google sun sa hoton mutum-mutumin a tambarinsu a 1998 don sanar da cewa sun tafi can. Daga baya aka sami masu zuwa da jirgin sama da ma'aikatan da za su dafa musu, watau 'yan kallon da aka ce ba a so. Hanyar zuwa wurin kuma ta ratsa ƙasar ƙabilar Paiute, 'yan asalin yankin, sai mai kallo ya lura ko an ba su baki a fim ko kuwa an wuce su da mota. Tsiraici da shaye-shaye ma suna nan, ba a musun su, kuma saboda irin wannan ne aka ɗora wa mai kyamara sharaɗin neman izinin mutum kafin ya ɗauke shi, wanda zai yi kasuwanci da hoton kuwa sai ya sami yardar masu shiri.

A 2020 da 2021 annoba ta hana taron. A 2023 ruwan sama ya mai da filin taɓo, mutum wajen 70,000 suka maƙale kwanaki, aka ce kowa ya tattala ruwa da abinci.

Wuri biyu ne ya kamata a zuba ido sosai in an haska allon. Na farko daren Lahadi, bayan an ƙone mutum-mutumin ran Asabar, lokacin da ake cinna wa wani ginin katako wuta, al'adar da David Best ya fara a 2000. A jikinsa mutane ke rubuta sunayen mamatansu, kuma shiru ake yi har ya faɗi. Na biyu shi ne bayan kowa ya watse, in mai fim ya yi haƙurin tsayawa: ma'aikata na jeruwa sahu-sahu makonni suna tsintar ƙusa da toka da ɓawon gyaɗa, domin hukumar filayen gwamnati takan zo ta auna, kuma sharar da ta yarda a bari ba ta wuce faɗin ƙafa ɗaya murabba'i a kowace eka ba.

Yanzu sai a kashe fitila.