Baburan Lantarki a Ikko: Keke Ne Ko Babur?

Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na ’yan ƙungiya a Agege

Shugaba da ’yan kwamiti, malamanmu, dattawa, da ’ya’yanmu masu sana’ar okada da na hango sun cika layin baya, barkanmu da warhaka.

Kwamiti ya ce in yi bayani a kan waɗannan babura masu aiki da batir da suka fara yawa a gari, tun da yake kayan gyaran babur nake sayarwa, kuma nakan je ƙasar Sin sarin kaya. Magana biyu ce ke yawo a tsakanin yaranmu. Ta farko, wai babur ɗin lantarki ya fi na fetur sauƙin kashe kuɗi. Wannan gaskiya ce. Ta biyu, wai shi keke ne, don haka dokar hana okada ba ta hau kansa ba. To wannan ta biyun ita ta fito da ni daga shago yau, domin tana iya jawo wa mutum asarar jarinsa, kai har ta jawo wa al’umma fitina.

Bari in ba ta farkon haƙƙinta. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin mai. Litar da muke saye ƙasa da N200, kafin ƙarshen 2024 ta haura N1,000 a wurare da dama. Yanzu ku ɗauki batir mai bolt 72 da amfiya 40, irin wanda ake sa wa manyan baburan. In ka ninka 72 sau 40 ka samu 2,880, wato kusan yunit 3 ke nan na mitar NEPA. A ƙara rabin yunit saboda abin da ke lalacewa wajen caji. Ko da kuɗin wutar ’yan rukunin A aka yi lissafi, wanda aka kai N225 a watan Afrilu 2024, abin bai cika N800 ba. Wannan caji ɗaya zai yi maka tafiyar kilomita 60 zuwa 70 in hanya da dama-dama. Babur ɗin fetur sai ya sha lita ɗaya da rabi ko biyu kafin ya yi wannan nisa. Ga shi babu juyen baƙin mai, babu fulogi, babu wankin kafireto. Ni da nake cin abinci da waɗannan kaya, kun ga in na ce babu su ai ba son raina na faɗa ba. Sai dai fa duk wannan lissafi na mai wutar NEPA ne ko sola. Wanda zai tada janareto ya yi caji, fetur ɗin da ya gudu ya biyo shi ta bayan gida.

To mu koma kan sunan abin. A Turai, abin da doka ta yarda a kira keken lantarki shi ne wanda ƙarfin motarsa bai wuce wat 250 ba, kuma motar takan daina taimaka maka da zarar ka kai gudun kilomita 25 a awa. A ƙasar Sin, inda ake ƙera yawancinsu, ƙa’idar da suka fara aiki da ita a 2019 ta ce kada ya wuce wat 400, kada ya wuce gudun kilomita 25, kuma a wancan lokacin dole ne ya kasance da feda. Duk abin da ya zarce haka, su da suka ƙera shi babur suke kiransa, sai da lamba da lasisi. Waɗanda ake kawo mana nan a kwantena kuwa, akwai mai wat 1,500, akwai mai 3,000, suna gudun 60, 70 har 80. Wani an manna masa feda ta ado, wadda ko kare ya biyo ka ba za ka iya murza ta ba, don dai dillali ya samu bakin cewa keke ne. Jama’a, abin da ke gudun kilomita 70 da fasinja a baya, ko da ruwan koko yake aiki, babur ne.

Kuma kada mu manta yadda gwamnatin jihar nan ta saba yi. A 2012 Gwamna Fashola ya hana okada bin hanyoyi 475. Ranar 1 ga Fabrairu 2020 Gwamna Sanwo-Olu ya sake hanawa a manyan sassan gari da gadoji. A lokacin akwai kamfanoni irin su Gokada da MAX, masu manyan babura sababbi, direbobinsu da riguna iri ɗaya, kowa da hular kwano har da ta fasinja, ga lauyoyi ga kuɗin Turawa a bayansu. An ɗaga musu ƙafa? Ba a ɗaga ba. Gokada sai komawa ta yi kai saƙo. Daga 1 ga Yuni 2022 aka hana okada ɗungurungum a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Mainland da Lagos Island. Daga 1 ga Satumba na shekarar aka ƙara Kosofe, Oshodi-Isolo, Shomolu da Mushin. Ku lura, Kosofe nan kasuwarmu ta Mile 12 take, Mushin kuwa nan Idi Araba take. Kun sha gani a talabijin yadda ake tara baburan da aka kama a sa inji ya murƙushe su. To in kamfani mai lauya bai tsira da cewa nasa babur ɗin daban ne ba, kai ɗan Malam da ka haɗa kuɗin adashe, me za ka gaya wa jami’in da ya tare ka a Oshodi da fasinja a baya? Ka ce masa ya leƙa ya gani babu salansa? Shi fasinjan yake kallo, ba tanki ba.

Nan cikin unguwannin Agege da sauran wuraren da ba a hana ba, wannan wani zance ne, babur ɗin lantarki zai yi wa mutum amfani ƙwarai. Haka wanda ba haya zai yi ba, ɗan kasuwa ne ko ma’aikaci da go-sulo ya ishe shi, yana son abin da zai kai shi shago ya dawo da shi. Irin wannan mutum ƙarami ya ishe shi. Cikin cunkoson Ikko wa ke gudun 70? Tun da jirgin ƙasa na Jan Layi ya fara jigila a watan Oktoba 2024 daga Agbado zuwa Oyingbo, ya biyo ta Agege da Ikeja da Oshodi, abin da mutum ke buƙata shi ne ɗan abin da zai kai shi tasha. Amma waɗancan ’yan ƙanana da ake hawa a tsaye, masu ƙafa kamar faifan tuwo, ban ba kowa shawarar su ba. An yi su don titi mai santsi. Ko a birnin Faris, inda babu ramukanmu, mutanen gari ƙuri’a suka jefa a 2023 aka kori na haya daga titi.

Akwai abu biyu a jikin babban babur ɗin lantarki da suka bambanta shi da wanda yaranmu suka saba. Na fetur sai ka ba shi wuta ka canja giya sannan ya ɗau gudu. Shi wannan babu giya, babu kulochi, duk ƙarfinsa yana nan tun daga tsaye; ka ɗan murɗa hannu ya zabura. Sannan ba ya ƙara. Mai talla, da yaro ɗan makaranta, da tsohuwa mai tsallaka titi, duk da kunne suke kauce wa okada, ba da ido ba. Wannan sai ya zo gab da kai ba ka ji ba. Ga kuma lissafin birki, wanda ban gaji da maimaita shi ga masu zuwa shagona ba: in ka ninka gudu sau biyu, nisan da za ka yi kafin ka tsaya ya ninku sau huɗu. Daga 25 zuwa 75, sau tara ke nan. Yanzu ku duba waɗanda ake haɗawa a gefen titi, a ɗauko keke na gargajiya a ɗaura masa motar wat 1,500 a ƙafar baya, birkin kuwa na roba ne da aka yi don ɗan makaranta.

Dattawan da ke nan sun san abin da ya sa nake nanata wannan. A watan Maris 2016, hatsarin okada guda ɗaya ya zama rikicin ƙabilanci a Mile 12. An rasa rayuka, an ƙone dukiya, gwamnati ta rufe kasuwar, masu tumatir da albasa suna kallon kayansu na ruɓewa a mota. Mu baƙi ne a nan ko da an haife mu a nan. In Bayarabe ya buge mutum, an ce direba ya yi hatsari. In ɗanmu ya buge, an ce Hausawa. Ba daidai ba ne, amma haka abin yake, kuma da shi za mu yi lissafi.

Sai maganar batir, wadda ita ce ta fi hana ni barci. Mai sayen irin wannan babur ya sani batir yake saye, sauran ƙarafan rakiya suka yi, domin batirin shi ne mafi tsada a jikinsa. Akwai na dalma, irin na mota, mai arha da nauyin tsiya, wanda ke gajiya da wuri in ana aiki da shi kullum. Akwai na litiyam, irin na wayar hannu amma babba. Shi ma iri-iri ne; wanda aka rubuta LFP a jikinsa ya fi daɗewa kuma bai cika kamawa da wuta ba. A cikin kowane na ƙwarai akwai ɗan allo da ke yanke wuta in caji ya cika ko zafi ya yi yawa. Masu son banza sukan tattara tsofaffin batiran kwamfuta su jera su a sabon akwati, su sa allo na jabu ko su ƙi sawa, su manna takarda mai cewa amfiya 40 alhali 20 ce. Irin wannan in ya kama, ba kamar gobarar katifa ba ce. Yana ci yana fashewa, hayaƙinsa guba ne, ka kashe shi ka juya baya ya sake tashi. A watan Fabrairu 2024 a birnin Nanjin na ƙasar Sin, wuta ta tashi daga inda ake ajiye kekunan lantarki a ƙasan wani dogon bene, mutum 15 suka mutu. Can fa ke nan, inda motar kashe gobara ke isowa kan lokaci.

Ku dubi yadda yaranmu ke kwana. Mutum shida, takwas a ɗaki ɗaya, taga da ƙarfen tsaron ɓarayi, ƙofa ɗaya, kuma saboda tsoron sata a bakin ƙofar nan ake jingine babur. NEPA kuwa sai tsakar dare take kawo wuta. Wato daidai lokacin da kowa ya yi barci, a daidai hanyar fita, nan za a jona batir. Wani ma cajar ta lalace ya aro ta maƙwabci wadda ba bolt ɗinsu ɗaya ba. Inna lillahi. Ga damina, ruwa ya cika titi, motar babur ɗin tana cikin ƙafar baya, batir yana ƙasa. Batirin da ya sha ruwa ko ya sha faɗuwa ko ya kumbura, kada a shiga da shi inda ake kwana, ko na dare ɗaya.

Akwai tsarin da ya rage wannan haɗari, shi ne musayar batir. Babur naka ne, batir na kamfani. In ya yi ƙasa ka je tasharsu ka ajiye ka ɗauki cikakke cikin ’yan mintoci, ka biya kamar yadda kake biya a gidan mai. Kamfanin Spiro yana yin haka a Kwatano da Lome, kuma a 2024 ya shigo Abekuta tare da gwamnatin jihar Ogun. A Kigali ta Ruwanda abin ya yi nisa, har daga Janairu 2025 suka daina yi wa sabon babur ɗin haya mai fetur rajista. Saboda haka kada wani ya ce wasan yara ne da zai wuce. Amma mai shiga wannan tsari ya sani ya ɗaure kansa da kamfani guda. Batirin wani ba ya shiga babur ɗin wani. Inda babu tasha babu aiki, ba kuma za ka ɗora shi a tirela ka kai Funtuwa ko Birnin Ƙonni da Sallah ka ci gaba da haya ba. In biya kaɗan-kaɗan ne, a kai takardar ga wanda ya iya karatu ya haɗa jimillar abin da za a biya daga farko har ƙarshe, a kuma tambaya ƙarara: in na yi kwana uku ina jinya ban biya ba, me za ku yi? Domin wasu suna sa na’urar da ke kashe babur daga ofis.

Abin da nake roƙon kwamiti, shugaba, shi ne a sa wannan cikin abin da za a tattauna a zama mai zuwa. A zauna da shugabannin tashoshin okada namu a yi ƙa’ida cewa duk babur ɗin lantarki mai ɗaukar fasinja a yi masa rajista da lamba kamar kowane babur, da hular kwano, da oda mai ƙara. A yi wa masu gidajen haya namu magana su hana caji a ɗakin kwana da zaure. In da hali, wancan fili na bayan ofishin ƙungiya a yi masa rumfar kwano a ja wuta da mita tata daban, a ajiye bokitan yashi da mai gadi, kowa ya biya ɗan abin da aka yanka. Ni na ɗauki nauyin waya da soket goma na farko.