Jawabin Shugaban Malamai a Bikin Yaye Ɗaliban Zane a Gyaɗi-Gyaɗi



Ranka ya daɗe wakilin mai girma Hakimi, masu unguwanni, iyayenmu maza da mata, 'yan uwana malamai, da ku 'ya'yanmu da muke yayewa a yau, barkanku da zuwa. Mun gode da kuka bar harkokinku, wasu daga kasuwar Tarauni, wasu tun daga Unguwa Uku, kuka zo ganin aikin hannun yaranku.

Shekara biyu ke nan muna tare da su. Mun koya musu riƙon fensir, da haɗa launi, da sa inuwa har zane ya fito. Aikin aji ke nan, kuma mun yi shi bakin gwargwado. Sai dai aji hannu yake horarwa. Ido kuwa sai an fita da shi.

Ku dubi zanen can da ke kusa da ƙofa. Yarinyar da ta yi shi, lokacin da ta zo mana, abin da ta gani a waya kaɗai take kwaikwaya, duwatsun ƙanƙara da gidajen da ba ta taɓa shiga ba. Ranar da muka kai su marinar Ƙofar Mata, sai ta tsuguna a bakin karofi ta ƙi tashi. Hannun wani dattijon marini take kallo, yadda baba ya kama shi tun daga gwiwar hannu har cikin farata. Wannan hannun ta zana. Wallahi ranar na san ta zama mai zane, alhali tafiyar ba ta fi kuɗin adaidaita sahu ba.

Duk wanda yake da Naira ashirin a aljihu, yana ɗauke da hoton Ladi Kwali. A ƙauyen Kwali ta koyi ginin tukwane a wurin 'yar uwar iyayenta. A 1954 ta shiga makarantar da Baturen nan Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Sulejan yau, ta koyi aiki da injin juya yumɓu da gashi mai tsananin zafi. Ta je Ingila da Amurka tana ginin tukunya a gaban jama'a, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Duk da wannan yawo, kunama da ƙadangare da kifin da ta saba zanawa a jikin randa tun tana gida ba su bar aikinta ba. Haka ma ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane a Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo: sun karɓi dabarun Turawa, amma kowa ya koma ya tono zanen garinsu ya haɗa.

'Ya'yana, Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Tashar Unguwa Uku ga ta nan a bayanku. Ku shiga motar Zariya ku ga bakan gizon masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina. Wanda Allah ya hore wa, ya ƙarasa Damagaram ya ga zanen bangon gidajen cikin Birni. Ku riƙe littafi da fensir, kada ku dogara da hoton waya, domin abin da hannu ya zana shi ido yake riƙewa.

Iyaye, roƙona gare ku ɗaya ne. In yaro ya ce zai je ganin wani gari don aikinsa, kada a ce masa yawon banza ne. A taimaka masa da kuɗin mota. In mace ce, a haɗa ta da yayanta ko gwaggonta su raka ta, kada a hana ta.

Allah ya yi wa hannuwanku albarka, ya mayar da kowa gidansa lafiya.