Shin Ana Ɗaukar Ciwon Sanyi A Bandakin Haya?

Jawabin da wata ma'aikaciyar jinya, 'yar unguwarmu, ta gabatar a taron ƙungiya a nan Legas.

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu limamai, shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa, iyayena maza da iyayena mata da ke can baya. An nemi in yi magana a kan bandakin haya da cututtukan da ake cewa ana kwasowa a cikinsa. Zan roƙi dattawa su yi mini afuwa tun yanzu, domin akwai kalmomin da ba a saba faɗa a gaban manya ba, amma maganar lafiya ba ta yiwuwa da rufa-rufa.

Kowa dai ya san irin zaman da muke yi a nan kurmi. Gida mai ɗaki 12 ko 15, makewayi ɗaya tak, ga 'yan haya ƙabila daban-daban. Ɗan kasuwar da ya sauko da albasa ko tumatir Mile 12, da direban tirela, da mai dako, ba su da wurin kama ruwa sai gidan wanka na kuɗi. Saboda haka tsoron da mutane ke yi ba abin dariya ba ne. Sai dai kuma abin da muka fi tsoro ba shi ne ke kwantar da mu ba.

Mace za ta zo asibiti ta ce tana fama da ƙaiƙayi, ko fitar farin ruwa, ko zafin fitsari. Kafin ka tambaye ta komai ta riga ta yanke hukunci, wai infekshan ne na bandaki, ta zauna a kan masai irin na Bature a tasha, ko kuwa tururin shadda ne ya buge ta. To jama'a, a littattafan likita babu wata cuta mai wannan suna. Suna ne da aka laƙaba wa cututtuka uku ko huɗu waɗanda ba su da dangantaka da juna, kuma maganinsu ma ba ɗaya ba ne.

Mu fara da ciwon sanyi na ainihi, mai sa namiji fitar mugunya da zafin fitsari. Wani likita Bajamushe mai suna Albert Neisser ne ya gano ƙwayarsa a shekarar 1879. Ƙwaya ce raguwa ƙwarai. Ba ta rayuwa sai a wuri mai ɗumi da laima a cikin jikin mutum, da zarar ta fito ta bushe to ta mutu. Fatar cinya da mazaunai da ke taɓa murfin masai kuwa garkuwa ce Allah ya yi mana, ƙwayar ba ta huda ta. Haka tunjere, haka ƙanjamau wadda aka fara ba da rahotonta a Nijeriya a 1986. Hanyarsu ita ce saduwa, ko daga uwa zuwa jariri, ko jini kamar yadda yake ga ƙanjamau. Masai ba ya cikin lissafi.

Dalilin da ya sa na nace a kan wannan shi ne, bandaki ya zama bangon da ake fakewa a bayansa. Mutum ya baro iyalinsa a Katsina ko Haɗeja wata takwas yana neman kuɗi, Shaiɗan ya rinjaye shi, ya kwaso ciwo, ya shiga kemis ya haɗiyi kafso biyu, ruwan ya tsaya, ya koma gida da sallah. Bayan sati uku matar ta fara kuka da mara, sai a ce ai ƙazantar makewayi ce. Ita kaɗai za a yi wa magani, shi kuwa gogan yana nan da abinsa, ya sake mayar mata. Abin takaici, mata da yawa ciwon ba ya nuna musu alama ko kaɗan, sai ya hau sama ya toshe hanyar da ƙwai ke bi zuwa mahaifa. Shekara uku shiru babu ciki, sai dangin miji su fara maganar a ƙaro wata. Wadda ta haihu da ciwon a jikinta kuma, yana iya shiga idon jariri har ya makantar da shi. Don haka in likita ya ce a zo da maigida, Alhaji, don Allah a zo. Ba tonon asiri ba ne, mu ma'aikata an ɗaure mu da riƙe sirri.

Amma iyayena mata, kada ku koma gida yau ku shaƙe wuyan rigar mazajenku. Yawancin ƙaiƙayi da farin ruwa mai kama da kindirmo ba daga namiji yake ba, ba kuma daga masai ba. Wata ƙwaya ce dangin yis da ke zaune a jikin mace tun asali, sai ta yi yawa lokacin goyon ciki, ko ga mai ciwon sukari, ko bayan an sha kafso barkatai ya kashe ƙwayoyin kirki masu tsare wurin. Matse-matse da cushe-cushen da ake sayarwa, da wanke ciki da sabulu mai ƙarfi ko Dettol, su ma suna rikita wurin su jawo ruwa mai ƙarni. Zafin fitsari kuwa galibi ƙwayar hanjin mutum ce da kansa ta ɓace hanya ta shiga mafitsara, shi ya sa muke cewa in za a yi tsarki a fara daga gaba a tafi baya. Ga kuma wani abin mamaki: wadda ta ƙi shan ruwa, ta matse fitsari tun daga Ojota har Lakwaja don gudun bandakin hanya, ita ce ta buɗe wa ciwon ƙofa da hannunta.

To shi ke nan bandakin haya ba shi da laifi? Yana da shi, babba ma kuwa. Illa dai cutarsa ta baki take shiga, ba ta ƙasa ba. Kwalara, zazzaɓin taifot, atuni, shawara mai bin abinci da ruwa, tsutsar ciki, duk daga bayan gidan wani suke fitowa su ƙare a cikin wani. Wa ke yi musu dako? Hannu, da ƙuda, da ruwa. Ku dubi butar gidan wanka. Mutum nawa ke riƙe ta daga asuba zuwa isha'i? Ku dubi sakatar ƙofa da kan famfo. Ka fito, ka gaisa da mutum biyar, ka ɓare goro, ka tsoma hannu a kwanon tuwo tare da yaranka. Ruwa zalla yana gusar da najasa, wannan fannin malamai ne kuma sun fi ni sani, amma ba ya raba hannu da ƙwayar da ido ba ya gani. Sai an sa sabulu an cuɗa kamar daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. In babu sabulu, toka ta fi babu.

Kwalara ba baƙuwarmu ba ce. Ta shigo ƙasar nan a ƙarshen 1970. A 1991 ta kashe mutum fiye da 7,000, a 2021 kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa ta ƙirga sama da 3,600 da suka rasu. Nan Legas ma mun ga yadda ta ɓarke da damina a watan Yunin 2024. Tun 1854 wani likita a Landan, John Snow, ya bi sawun masu mutuwa gida-gida har ya gano famfo ɗaya suke sha, daga baya aka tarar masai na tsiyaya kusa da rijiyar. Ku je ku auna tsakanin rijiyar gidanku da salgarku. Ma'aikatan tsabta na son a sami tazarar kamar mita 30, mu kuwa a wasu gidajen taku biyar ne. Ruwan da 'yan garuwa ke kawowa, in ba a san tushensa ba, a tafasa kafin a sha.

Wanda gudawa ta kama, kada a jira. A ba shi haɗin gishiri da sukari na leda, in babu a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ana ba shi ana tafiya asibiti. Kwalara na iya kashe ƙato cikin sa'o'i kaɗan.

Game da masai na zama, in ka tarar da shi a jiƙe ka goge ko ka watsa ruwa ka zauna. Kada a hau kansa da ƙafa a tsuguna, tangaran ne, in ya fashe yankan da yake yi ba kyan gani. A shiga da silifa, domin akwai tsutsar da ke huda tafin ƙafa a ƙasa mai laima inda aka yi bayan gida. Fo ɗin yara a juye shi a masai, ba a kwata ba, kashin yaro ma yana ɗauke da cuta kamar na babba.

Roƙona ga ƙungiya guda biyu ne. Masu gidajen wanka, yawancinku 'yan uwanmu ne, wasu ma ga su nan zaune. Kuna karɓar kuɗi a kan kowane mutum, to ku ajiye durom mai famfo da sabulu a bakin ƙofa, a riƙa wanke butoci da ƙasan wurin da ruwan Jik safe da yamma, a yi wa ramin murfi saboda ƙuda. Na biyu, kwamiti ya zaɓi mutum uku, har da mace ɗaya, su zaga makewayin masallatai da makarantun Islamiyya kafin ruwa ya sauka, su kawo wa Sarki rahoto a zama mai zuwa.

Wadda ke da tambayar da ba za ta iya yi a gaban maza ba, zan tsaya a zauren mata bayan sallar la'asar.