Jamus, Fallata, Takari: wa ya raɗa sunan?



Wani ɗan kasuwa ya aiko mana da tambaya. Ya ce ya yaba wa wani Balarabe injin ban ruwa, ya ce masa ƙirar Jamus ne, sai mutumin ya fashe da dariya. To Malam, dole ya yi dariya, domin a Larabci jamus bauna ce. Ƙasar da muke nufi, Larabawa Almaniya suke ce mata. Sunan ya samo asali daga wata ƙabila guda, Alamani, da ta zauna a bakin kogin Rayin, maƙwabta suka ɗauki sunanta suka laƙaba wa kowa. Su kuwa mutanen ƙasar Doyic suke kiran kansu, daga wata tsohuwar kalma mai nufin jama'a. Maƙwabtansu na gabas, irin su Folan, suka sa musu sunan da ke nufin bebaye, don ba sa jin maganarsu. Wannan sunan ne ya bi ta hannun Turkawa ya shiga Larabci ya zama Nimsa, wato Ostiriya.

Kun ga dai abin bai yi nisa da mu ba. Fallata, asalinsa sunan da Barebari ke kiran Fulani ne. Da ya iso nan Sudan sai ya zama babban buhu, aka zuba Bahaushe da Babarbare da Bazabarme a ciki, kowa Fallata. Takari kuwa daga Takarur ne, wata tsohuwar masarauta a bakin kogin Sanagal, wadda yawancin kakanninmu ko hanyarta ba su sani ba. Amma da wannan suna aka san waɗanda suka riƙe Gallabat tun kafin sojojin Turkawa da Masar su shigo a 1821.

Sunayen garuruwa ma shaida ne. Mai Wurno, kusa da Sinnar, sunan Muhammadu Bello Mai Wurno ne, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya ci gaba da hijira da jama'a bayan Turawa sun kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. Wurno ɗin kuwa tana can kusa da Sakkwato har gobe. Ita kanta kalmar Sudan, a bakin Larabawan da, ƙasar baƙar fata ce gaba ɗaya, har da Kano da Katsina a ciki. Mali ma Sudan ta Faransa ake ce mata kafin ta samu 'yancin kai a 1960.

Ni abin da ke damuna shi ne yadda wasu ke mai da Fallata zagi, su nuna kai baƙo ne, alhali kakanka a nan aka binne shi. Sai ka ga yaro yana ɓoye harshensa a makaranta. Idan aka zo wajen neman takardar ɗan ƙasa, ko aka tare ka a shinge da garkenka, laƙabin da aka sa maka ba shi ne hujja ba. Abin da za a duba shi ne sunan uba da kaka, da garin da suka zauna, da wanda zai shaide ka. Saboda haka ku zauna da dattawanku tun suna raye, a rubuta wannan a takarda, a adana.

Wanda ya san asalin sunan unguwarsu ko mashayarsu, ya aiko mana, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.