Ɗaga Ƙarfe: Sikeli da Littafi Kafin Gasa



Maganarmu ta yau a kan ɗaga ƙarfe ce, watau wasan nan da samari suka runguma tun daga Samaru har lungunan Sabon Gari. Abin da ke damunmu shi ne yawan waɗanda kan koma dafe da ƙugu bayan 'yan makonni. Galibi kuwa dalilin ɗaya ne: yaro ya ga wani ƙato ya ɗaga, shi ma ya rantse sai ya ɗaga.

To, mu duba ƙarfen tukuna. A wuraren atisaye na unguwa, sau da yawa siminti ne aka zuba cikin gwangwani aka soka masa bututu, ko kuwa tsofaffin ƙarafan mota daga wajen makanikai. Babu lamba a jikinsu. Wanda ya ce ya ɗaga kilo 80 a Sabon Gari da wanda ya ce 70 a Samaru, Allah kaɗai Ya san wanda ya fi. Ashe gasar ma ba ta da alƙali.

Ko a wasannin Olamfik, inda sandan maza yake kilo 20 cif, ba a gama kowa da kowa. Ana raba mutane aji-aji bisa nauyin jikinsu. A birnin Siyol, cikin 1988, Naim Suleymanoglu na Turkiyya ya ɗaga kilo 190 bisa kansa, alhali shi bai wuce kilo 60 ba. Ƙartin manyan aji sun ɗaga fiye da haka, amma shi ya ɗauki ninki uku na jikinsa har da ɗori.

Saboda haka shawararmu ita ce, kowa ya kai ƙarfensa sikelin masu hatsi a kasuwa, ya rubuta nauyin da fenti. Sa'an nan ya sami ɗan littafi ya riƙa sa rana, da kilo, da sau nawa ya ɗaga. In na makon jiya ya yi sauƙi, a ƙara kilo ɗaya ko biyu, kada a wuce, domin tsoka tana rigan jijiya da gaɓa yin ƙwari, nan ne kuwa rauni kan shigo. Lokacin jarrabawa ko azumi lissafin yakan ja baya. Wannan ma a rubuta shi yadda yake, in an huta a ɗora daga inda littafin ya tsaya.