Ciyawar da Ake Bari a Tsaye Domin Kiwon Hunturu: Yawanta da Fa'idarta

 

Mas'alar da nake nufin gabatarwa a nan ita ce ta makiyayar da ake killacewa tun da damina, a hana dabba shiga, domin idan hunturu ya kama, ƙasa ta bushe, a sami abin da za a sake wa garke. Manoman Amurka, musamman na jihohin Kentaki da Misuri, sun daɗe bisa wannan al'ada da wata ciyawa da suke kira feskiyu: sukan rufe fili a watan Agusta, su zuba masa taki, su buɗe shi daga Nuwamba, kuma da yake ganyenta yana jure sanyi, yana zama da ɗanyantakarsa, furotin ɗinta sau da yawa ba ya sauka ƙasa da kashi 10 cikin 100. Da jin wannan labari sai waɗansu daga cikinmu suka ɗauka cewa mu ma abin da ya rage mana shi ne shinge kawai. A ganina wannan ƙiyasi ne da bai inganta ba, domin illar ba ɗaya ba ce.

Gamba da kyasuwa da sauran ciyayin dajinmu, waɗanda a farkon damina suke da taushi da albarka har saniya ta yi ƙiba a kansu cikin 'yan makonni, da zarar sun fitar da kai sun zuba iri, sai abin gina jiki da ke cikin ganyensu ya koma ga iri da saiwa, kara ya yi tauri, sa'an nan iskar hunturu ta zo ta ƙarasa busar da abin da ya saura, har furotin ya faɗi zuwa kashi 2 ko 3 cikin 100. Alhali kuwa ƙananan halittun da Allah, cikin hikimarsa, ya sanya a tumbin saniya domin narkar da ciyawa ba sa aiki sosai sai abincin ya kai kimanin kashi 7. Idan suka raunana, ciyawar takan daɗe a tumbi, saniya ta rage ci ko da tana tsaye cikin ciyawa har wuya, nono ya ja baya, haƙarƙari ya bayyana, haihuwa ta yi jinkiri. Abin tausayi ne ƙwarai mutum ya ga makiyayi yana kallon fili cike yana mamakin ramar shanunsa. Ga kuma gara da gobarar daji, waɗanda ke cin rabonsu kafin bazara.

To, mene ne mafita? Masu binciken cibiyar nazarin dabbobi ta ILCA sun jarraba wata dabara a shekarun 1980 tare da Fulanin Kurmin Biri a yankin Kachiya: fili na kimanin hekta 4 a killace, a shuka masa sitailo, wani tsiro dangin wake da ke riƙe furotin bayan ɗaukewar ruwa, a riƙa shigar da shanu masu ciki da masu shayarwa sa'o'i biyu zuwa uku a yini, sauran yinin su yi kiwon daji. Hikimar ita ce ɗan abin da suka samu a can yana tayar da aikin tumbi, busasshiyar ciyawar ta sami shiga. Haƙiƙa manomanmu sun riga sun san asalin wannan ilmi, tun da harawar wake da ta gyaɗa da suke ɗaurewa a kan rufin ɗaki, da 'ya'yan gawo da ke zuba da rani, wannan aikin suke yi.

Amma abin da na fi ba wa muhimmanci shi ne lokacin yanka. Ciyawar da aka yanke tana gab da fitar da kai, aka shanya ta, aka adana ingiricinta a inuwa, ta fi wadda aka bari a tsaye nesa ba kusa ba, ko da yake na san wahalar shanya ta ana tsakiyar ruwan Satumba, hannuwa kuma suna gona.

Saboda haka ina roƙon cibiyar binciken dabbobi ta Shika da malaman gona na jihohi su sa wannan a gaba: duk makiyayar da za a killace a haɗa ta da tsiro dangin wake, a kuma koya wa makiyaya yanka kafin ciyawa ta tsufa.