Lamba Ɗaya, Hali Daban-daban: Iyakar Wuta a Ƙafafun Aisi 555



Abin da muka zo da shi yau bai kai girman farcen babban yatsa ba, amma da wuya a shiga ɗakin gwajin lantarki ba a tarar da shi ba. Muna nufin aisin ƙidayar lokaci mai lamba 555, wanda Hans Camenzind ya tsara a 1971, kamfanin Signetics na Amurka ya fito da shi kasuwa a 1972. Daga baya kamfanoni da dama suka shiga ƙera shi, kowa da haruffan da yake sa wa gaban lambar. To, a nan gizo yake saƙar, domin da yawanmu lambar kawai muke dubawa.

Ƙafafu takwas gare shi, kuma jerinsu ɗaya ne ko wane kamfani ya yi shi: ta 1 ita ce ta layin ƙasa, ta 8 ta nan wuta ke shiga, ta 3 ta nan take fita. Saboda haka kowanne zai zauna daidai a gurbin ɗan'uwansa. Amma zama a gurbi daban, jure wuta daban.

NE555, wato na asali, yana aiki daga bolt 4.5 zuwa 16. Takardar bayaninsa ta kamfanin Texas Instruments ta ambaci bolt 18, sai dai wannan ba iyakar aiki ba ce, bakin rami ne wanda in an wuce shi aisin na iya lalacewa. Sai kuma dangin da ake kira CMOS, masu ƙarancin cin wuta. ICM7555 na Intersil yana aiki daga bolt 2 zuwa 18, TLC555 daga 2 zuwa 15, shi kuwa LMC555 ko bolt 1.5 ya ishe shi. Wanda ya haɗa na'urarsa da batirin mota ko na sola ya tuna cewa batirin da ake kira mai bolt 12 yakan haura 14 in ana cajinsa. Ga TLC555 tazarar da ta rage kaɗan ce ƙwarai. Batura biyu a jere kuwa, bolt 24, babu ko ɗaya cikinsu da zai ɗauka.

Abin da aka fi mantawa da shi, a ganinmu, shi ne ƙafafu na 2, 4, 5 da 6. Iyakarsu ba tsayayyar lamba ba ce, tana bin abin da ke kan ƙafa ta 8. In aisin yana shan bolt 5, sannan aka kawo wa ƙafa ta 2 sigina mai bolt 12 daga wani allo, an karya ƙa'ida, ko da yake 12 bai kai 16 ba. Haka kuma in an kashe na'ura alhali babbar kafasitar da ke kan ƙafa ta 6 tana cike, sai ƙafar ta fi ta 8 wuta. Dangin CMOS su suka fi jin jiki a nan, don wutar kan kutsa ta cikinsu, wani lokaci aisin ya maƙale yana zafi har sai an cire masa wuta. Rasista guda a kan hanyar siginar takan rage wannan haɗari.

Saura ƙafa ta 3. NE555 yana iya bayar da miliamfiya 200 ko ya shanye su, shi ya sa yake jan ƙaramin rile kai tsaye. TLC555 kuwa yana shanye 100, amma abin da yake bayarwa bai wuce kamar 10 ba. A musanya su, sai a ga rile ya ƙi motsi alhali aisin lafiyarsa ƙalau. Ta wani gefen kuma CMOS ya fi, domin wutar da yake fitarwa tana kusan kai wadda ya sha, shi kuwa NE555 a kan bolt 5 abin da ke fita wajen 3.3 ne kawai.

Don haka in mun je kanti saye, mu faɗa wa mai kaya haruffan tare da lambar, mu kuma duba tambarin kamfanin kafin mu ɗora dalma.